Ranar Brahma da Shekarun Kaunu: Nazari a kan Da'awar Dacewar Falsafar Hindu da Fiziks na Zamani

A harabar CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta ƙasashen Turai da ke kusa da birnin Jeniba, akwai gunkin Shiba yana rawa a cikin da'irar wuta. Gwamnatin Indiya ce ta bayar da shi kyauta, aka kuma ƙaddamar da shi a watan Yunin 2004. Allon da ke kusa da shi yana ɗauke da maganar Fritjof Capra, masanin fiziks da ya wallafa The Tao of Physics a 1975, wanda ya kamanta wannan rawa da ɓullowa da ɓacewar ƙwayoyin da ke ƙasa da zarra. Tun daga nan hoton gunkin ya zama hujja a bakin masu cewa malaman Hindu na dā sun riga Turawa sanin shekarun duniya da zarra da sirrin kwantum.

Ɗalibin ilimin addini ba zai ce wannan magana ba ta shafe shi ba. Hanyar da ake kafa da'awar da ita, wato a ɗauko tsohon nassi a ɗora shi a kan sabon binciken kimiyya, ita ce hanyar da wasu masu wa'azi ke bi da ayoyin Alƙur'ani da sunan i'ijazin ilmi. Wanda ya karɓi ma'auni idan ya yi masa daɗi, dole ya karɓe shi idan abokin jayayya ya ɗauka. Saboda haka ya kamata a auna da'awar da adalci, a ware abin da ya tabbata daga abin da aka ƙaƙaba.

Lissafin kalpa

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 362 Hijira (973 Miladiyya), ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya fassara littafin Patanjali na Yoga zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya kammala Tahƙiƙu ma lil-Hind. Cikakken sunan littafin ya riga ya nuna manhajinsa, domin ya yi alƙawarin tantance maganganun mutanen Indiya, wanda hankali ke karɓa da wanda yake watsarwa. A cikinsa ya kawo lissafin zamunna dalla-dalla.

Ga yadda lissafin yake a littattafan Purana da mafi yawan littattafan taurari. Zamunna huɗu ne, ana kiran kowanne yuga: Kirita shekara 1,728,000, Tireta 1,296,000, Dwapara 864,000, sai Kali 432,000. Idan aka haɗa su sun zama babban zagaye guda mai shekara 4,320,000. Irin wannan zagaye dubu shi ne kalpa, wato yinin Brahma, shekara biliyan 4.32, kuma darensa ma haka. Shekarar Brahma kwana 360 ce, ransa shekara ɗari, jimilla shekara tiriliyan 311 da ɗoriya.

Masu da'awa suna cewa kimiyya ta ƙiyasta shekarun ƙasa da biliyan 4.54, ga kuma kalpa biliyan 4.32, ashe tazarar kaɗan ce. Carl Sagan ya ja hankali ga wannan kusanci a shirinsa na Cosmos a 1980, sai dai ya ɗauke shi a matsayin dace kawai, kuma wannan ƙaidi shi ne masu naƙalto shi suka fi mantawa da shi. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kalpa tsawon yinin ne gaba ɗaya, ba abin da ya shuɗe daga cikinsa ba. Littattafan da suka ba da adadin sun kuma faɗi inda ake a yanzu: zamanin Manu na bakwai cikin goma sha huɗu, zagaye na ashirin da takwas, a cikin Kali wanda ya fara a 3102 kafin Miladiyya. Idan aka tara, abin da ya wuce na wannan kalpa shekara biliyan 1.97 ne, ƙasa da rabin shekarun ƙasa. Idan kuwa shekarun kaunu baki ɗaya ake nufi, waɗanda aka auna da biliyan 13.8, to al'adar Purana ta ce Brahma ya cika shekara hamsin, wato sama da shekara tiriliyan 155, fiye da ninki dubu goma sha ɗaya na abin da aka auna. Wanda ke da adadi biyar ko shida a hannu, ya zaɓi wanda ya fi kusa ya rufe sauran, bai kawo hujja ba.

Asalin adadin ma a fili yake. Babban zagaye shekara 12,000 ne na alloli, kowace shekara tasu kuma shekarar mutane 360 ce, ninkawa kawai aka yi. Rabon zamunnan yana bin huɗu, uku, biyu, ɗaya, kuma sunayensu na jifar caca ne. Adadin 432,000 ya zo a wurin Berossus, malamin Babila, a matsayin tsawon mulkin sarakunan da suka gabaci ɗufana. Masana taurari sun riƙe waɗannan dogayen zamunna ne domin suna ba su damar bayyana zagayen kowane tauraro da cikakken adadi ba tare da ɓalle ba. Ba su ma haɗu a kan lissafi guda ba: Aryabhata, wanda ya rubuta littafinsa a 499, ya raba zagayen kashi huɗu daidai wa daida, ya sanya kalpa zagaye 1,008, Brahmagupta kuma ya soke shi a kan haka. Shekarun ƙasa kuwa an samo su ne daga auna narkewar yuraniyom zuwa dalma a cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, aikin da Clair Patterson ya wallafa a 1956, kuma duk mai kayan aiki yana iya sake shi.

Duk da haka akwai abin da adalci ya wajabta a faɗa. A lokacin da wasu malaman Kirista ke ƙirga shekarun duniya da dubu shida, har Bishop Ussher ya sanya farkon halitta a 4004 kafin Miladiyya, tunanin Indiya ya saba da zamani mai tsawon biliyoyi. Wannan faɗin tunani ne na gaske, ko da bai zama awo ba.

Batun maimaituwar halitta ba ya buƙatar dogon tsayawa. A aƙidar Hindu kaunu yana bayyana, ya narke, ya sake bayyana, ba farko ba ƙarshe. Lissafin Alexander Friedmann na 1922 ya ƙunshi yiwuwar kaunu mai buɗewa da rufewa, amma Richard Tolman ya nuna tun shekarun 1930 cewa zagayen ba za su zama iri ɗaya ba, domin hargitsin zafi yana taruwa daga zagaye zuwa zagaye. A 1998 kuma ƙungiyoyi biyu na masana taurari suka gano cewa faɗaɗar kaunu ƙara sauri take yi, ba raguwa ba. Har yanzu akwai masu ra'ayin zagaye, irin su Paul Steinhardt da Neil Turok da Roger Penrose, sai dai ra'ayoyinsu zato ne na lissafi da awo bai tabbatar ba. Haka nan Musulmi ba shi da damar ya ce babbar fashewa ta yanke hukunci a kan hudusul alam, domin lissafin yana tsayawa kafin ya kai ga farkon farko. Georges Lemaitre, limamin Katolika da ya fara kawo ra'ayin, bai ji daɗi ba da Fafaroma Pius na 12 ya mayar da shi hujjar halitta a 1951.

Paramanu da jauhari fard

Mazhabar Baisheshika, wadda ake dangantawa ga Kanada, ta ce jikkuna an gina su ne daga paramanu, ƙwayar da ba ta rabuwa. Iri huɗu ce: ta ƙasa, ta ruwa, ta wuta, ta iska. Biyu suna haɗuwa su ba da tagwaye, tagwaye uku su ba da mafi ƙanƙantar abin da ido ke gani, kamar ƙurar da ke yawo a hasken rana idan ya ratso ɗaki. Hujjarsu ta hankali ce: da rabuwa ba ta da iyaka, da ƙwayar mustad da dutsen Meru sun yi daidai, tunda kowanne yana da yankuna marasa ƙarewa.

Wanda ya karanta ilimin kalam zai ji maganar ba baƙuwa ba ce, domin mutakallimai sun kafa irin wannan hujja da ƙwayar hardal da dutse wajen tabbatar da jauhari fard, tun daga Abul Huzail har zuwa Baƙillani (ya rasu 403 Hijira), Nazzam kuma ya saɓa musu. Shlomo Pines ya tattauna yiwuwar tasirin Indiya a kan wannan ra'ayi a littafinsa na 1936, kuma mas'alar tana nan a buɗe tsakanin manazarta. Bambancin kuwa babba ne: paramanu dawwamammiya ce, ba a halitta ta ba, alhali jauharin Ash'arawa fararre ne, ba ya rabuwa da arali, kuma a kan wannan aka gina dalilin faruwar duniya irin wanda almajirai ke karantawa a Ummul Barahin ta Sanusi.

To, shin ɗayansu shi ne zarrar masana kimiyya? A'a. Zarrar Dalton ta 1808 ta fito ne daga auna nauyin sinadarai. A 1897 Thomson ya ciro ilaktoron daga cikinta, a 1911 Rutherford ya nuna tana da cibiya, daga baya aka fasa cibiyar kanta. Abin da ya ba paramanu ma'anarta, wato rashin rabuwa, shi ne abin da zarrar zamani ta rasa. Ruwa ba asali ba ne, wuta ba jiki mai ƙwayoyin kansa ba ne. Kama da wane ba ta wane.

Wani abin da masu da'awa ke tsallakewa shi ne cewa falsafar Hindu ba murya ɗaya ba ce. Mazhabobi shida ake ƙirgawa, kuma suna rushe juna. Sankiya ta ce asali biyu ne, ruhi da ɗabi'a. Baisheshika ta ce ƙwayoyi ne masu yawa. Adbaita ta Shankara ta ce babu kome na haƙiƙa sai Brahman, kuma Shankara ya keɓe wuri a sharhinsa na Brahmasutra don rushe ra'ayin paramanu. Wanda ya ɗauko zarra daga Kanada, ya ɗauko kaɗaitakar samuwa daga Shankara, ya ce kimiyya ta gaskata su duka, ya haɗa abin da masu shi suka raba.

Silsilar da ta kai ga Schrodinger

Inda da'awar ta fi ƙarfi shi ne a kan mutane. Gaskiya ne Erwin Schrodinger, ɗan Ostiriya da ya samar da ƙa'idar igiyar kwantum a 1926, ya riƙi Bedanta da gaske. A ƙarshen littafinsa What is Life? na 1944 ya yi magana a kan kasancewar Atman shi ne Brahman, wato ran mutum da ran kaunu abu guda ne. Silsilar da ta kai masa wannan ra'ayi ta ratsa ta hannun Musulmi. Dara Shikoh, babban ɗan sarkin Mugal Shah Jahan, ya tara malaman Banaras suka fassara kimanin Upanishad hamsin zuwa Farisanci a 1657, da sunan Sirri Akbar. Shi mai bin wahdatul wujud ne, kuma ya yi iƙirarin cewa Upanishad su ne ɓoyayyen littafin da aka ambata a Suratul Waƙi'a, fassarar da malaman tafsiri ba su san ta ba. Bayan ya sha kashi a rikicin gadon sarauta, ƙaninsa Aurangzeb ya sa aka kashe shi a 1659 bisa tuhumar ridda. Bafaranshe Anquetil-Duperron ya juya fassarar zuwa harshen Latin, aka buga a 1801 da 1802. Ita Schopenhauer ya karanta ya kamu da sonta, kuma ta hanyar Schopenhauer ne Schrodinger ya shiga wannan tunani. Shi kansa bai ɗauki ra'ayin na Indiya kaɗai ba, domin a Mind and Matter na 1958 ya kafa shaida da Azizu Nasafi, sufin Farisa na ƙarni na 13.

Tambayar ita ce: me wannan ya tabbatar? Ya tabbatar da cewa wani babban masani ya sami natsuwa a Bedanta game da mas'alar hankali da rai. Bai tabbatar da cewa ƙa'idarsa daga can ta fito ba. Maƙalunsa na 1926 sun ginu ne a kan ra'ayin Louis de Broglie na 1924 da lissafin Hamilton, kuma abin da ya sa aka karɓe su shi ne sun fitar da matakan ƙarfin zarrar haidurojin daidai da awo. Werner Heisenberg ya ziyarci Indiya ya gana da Tagore a 1929, amma lokacin ya riga ya gama aikinsa na 1925 da na 1927. Oppenheimer ya koyi Sanskirit a shekarun 1930, ya tuna Bagabad Gita game da gwajin bam na Yulin 1945, sai dai abin da ya ɗauka daga gare ta nauyin aiki da halaka ne, ba lissafin nukiliya ba. Einstein kuwa, a ganawarsa da Tagore a 1930, tsayawa ya yi a kan cewa gaskiya ba ta dogara da samuwar ɗan Adam ba. Newton ya shafe shekaru yana nazarin annabcin Daniyel, kuma ba wanda ya ce ƙa'idar jan nauyi daga can take.

Akan kuma ce kwantum ya nuna mai kallo ne ke samar da abin kallo, kamar yadda Adbaita ta ce duniya maya ce. Kalmar kallo ce ta jawo ruɗani. Abin da ake nufi da ita a ɗakin gwaji shi ne cuɗanyar ƙwayar da na'urar awo, ko da babu mutum a ɗakin. Eugene Wigner ya taɓa ba hankali matsayi a wannan mas'ala, daga baya ya janye. Mas'alar awo tana nan ba a warware ta ba, kuma rashin warwarewa ba hujja ba ne ga kowace aƙida. Capra ya ƙara da jingina littafinsa da ra'ayin Geoffrey Chew, wanda ya ce babu ƙwayoyi na asali, kowace daga sauran take samuwa, saboda hakan ya yi kama da tunanin Gabas. Amma a daidai lokacin da littafin ya fito, gano ƙwayar J/psi a 1974 ya riga ya karkata masana zuwa ga ra'ayin kwak, aka bar na Chew. Littafin ya ci gaba da kasuwa, ginshiƙinsa na kimiyya ya daɗe da faɗuwa.

Abin mamaki, Shankara da kansa ba zai yarda da masu kare shi ba. Brahman a wurinsa ba shi da siffa ko adadi ko wuri, don haka ba fili ne na ƙarfi da ake aunawa ba. Ya kuma bayyana a sharhinsa na Gita cewa ikon nassi yana kan abin da gaɓɓai ba sa riska, kuma nassin da zahirinsa ya saɓa wa abin da ake ji da gani, kamar zafin wuta, ba a ɗaukar sa a zahirinsa.

Ma'auni guda

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda abin ya zo gida. Sayana, mai sharhin Rigbeda a ƙarni na 14, ya ambaci cewa rana tana tafiyar yojana 2,202 a rabin nimesha. Wasu suka zaɓi tsawon yojana da na nimesha da suka dace, suka ce ga saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙiya. Alhali maganar a kan rana take, kuma tsawon yojana ya bambanta daga littafi zuwa littafi. A ɓangaren Musulmi kuma an sami masu fitar da wannan adadi daga ayar Suratus Sajda da ta ambaci yini mai gwargwadon shekara dubu, ta hanyar ninka zagayen wata sau 12,000 tare da wani gyaran kusurwa da ba a sa shi ba sai don lissafin ya fito. Hanya guda ce: an san amsa tukuna, sannan aka nemo mata tambaya. Babu ɗayansu da ya faɗi adadin kafin Ole Romer ya nuna a 1676 cewa haske yana da iyakar sauri.

Malaman Musulunci sun daɗe da saɓani a nan. Gazali a Jawahirul Ƙur'an ya karkata ga cewa tushen ilimomi suna cikin Littafin, Ɗanɗawi Jauhari (ya rasu 1940) ya cika tafsirinsa da wannan, littafin Maurice Bucaille na 1976 kuma ya yaɗa shi a duniya. Shaɗibi (ya rasu 790 Hijira) a Muwafaƙat ya ƙi amincewa a jingina wa Alƙur'ani ilimomin da sahabbai ba su fahimta daga gare shi ba, Mahmud Shaltut ya bi sahunsa a ƙarni na 20. Gazalin nan kuma shi ne ya yi gargaɗi a muƙaddimar Tahafut cewa wanda ya yi jayayya da lissafin husufi da sunan addini ya cuci addinin. Umurnin a yi tunani a kan halittar sammai da ƙasa ba abin jayayya ba ne. Abin jayayya shi ne ɗaure ma'anar aya da ra'ayin da ke iya faɗuwa gobe, kamar yadda na Chew ya faɗi. Biruni ya ga irin wannan rauni ta ɗaya fuskar a wurin Brahmagupta, wanda ya san dalilin husufi na lissafi amma ya kare labarin Rahu mai haɗiye rana, sai Biruni ya zarge shi da neman yardar malaman addininsu.

Idan ana neman inda Indiya ta shiga fiziks na zamani da gaske, ba a cikin Upanishad za a duba ba. Brahmagupta ya rubuta dokokin lissafi da sifiri da adadi mai naƙasa a 628. A zamanin Halifa Mansur aka kawo littafin taurarin Indiya Bagadaza, aka fassara shi da sunan Sindhind, sannan Khawarizmi ya rubuta littafinsa a kan hisabin Indiya, daga nan alƙaluman suka shiga Turai. Kalmar jiba ta Sanskirit, wadda ke nufin tsirkiyar baka, ta shiga Larabci aka karanta ta jaib, masu fassarar Latin suka ba ta sunan sinus, kuma da wannan sayin ake rubuta kowace igiya, har da ta Schrodinger. A 1924 Satyendra Nath Bose, malami a Jami'ar Dakka, ya aika wa Einstein 'yar gajeriyar maƙala da ta fitar da dokar Planck ta sabuwar hanyar ƙirga ƙwayoyin haske. Einstein ya fassara ta zuwa Jamusanci da hannunsa ya sa aka buga. Daga sunan Bose aka samo kalmar boson, kuma boson ɗin Higgs ne aka sanar da ganowa a CERN a ranar 4 ga Yulin 2012, shekara takwas bayan kafa gunkin a harabar.